Saida abinci daga gida a Katsina: takardun da ake nema da inda zaki fara

Yanzu a cikin Katsina da wuya ki bi layi guda ki ida shi baki iske gidan da ake saida wani abin ci ba. Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Marusa, Sabuwar Unguwa, Rafin Daɗi, ko'ina, haka in kika leƙa Daura. Wannan awara take soyawa, waccan alkaki da dubulan da nakiya na gara, ga masu kek da samosa da ke amsar oda ta WhatsApp, ga masu zoɓo da kunun aya a gora, ga masu yajin ƙuli da garin kunu da dambun nama waɗanda har Abuja da Legas suke ba direba saƙo. Sana'a ce da ta rufa ma gidaje da yawa asiri cikin wannan tsadar, kuma ina cikin masu son ganin ta ƙara girma, shi yasa abin ke damuna in naji yadda ake ruɗa mata kan maganar doka. Wata tace maki ai cikin gidanki kike ba ruwan hukuma dake, wata kuma ta tsorata ki tace ko ɗanwake kika saida ba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta ƙasa, kama ki za'ayi. Duka biyun basu faɗi daidai ba, kuma kowacce kika bi zata iya ja maki asara.

Abu na farko da zaki riƙe 'yar uwa, hukuma bata auna girman kicin ɗinki, abinda take dubawa shine a wace siffa abincin ya fita daga hannunki. In dafawa kike a ci yau, kamar waina, sinasir, ɗanwake, shinkafa da miya a tekawe, awara, kek ɗin da aka baki oda na biki ko suna aka zo aka ɗauka, to wannan masu kula dashi na kusa dake sune ƙaramar hukuma da ma'aikatanta na tsafta, duba-gari kenan. Kundin tsarin mulki na 1999 a jadawali na huɗu shi ya ba ƙananan hukumomi ikon kula da shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi da duk wani wuri da ake saida ma jama'a abinci. In kau sarrafa abu kike ki zuba a leda ko gora ko roba ki liƙe, ki manna sitika da sunan sana'arki, ki kai shago ko supamaket ya kwana biyu ana saidawa, to kin shiga hurumin NAFDAC. Hukumar an kafa ta a 1993, kuma a shekarar aka yi dokar rijistar abinci da magunguna wadda tace ba'a haɗa abincin da aka sarrafa, ba'a tallata shi, ba'a saida shi sai anyi mashi rijista. Dokar bata ware na gida da na kamfani ba. Dan haka cincin ɗin da kika auna ma maƙwabciya a kwano daban, shi ɗin dai in kika liƙe shi da suna kika jera a kantin wani, hukuncin shi ya canza. Ki zauna ki rubuta duk abinda kike saidawa ki raba su gida biyu, daga nan zaki san ƙofar da zaki fara nufa.

Mu fara da duba-gari tunda su kowa ya shafa, mai dafawa da mai liƙewa. Ki je sakatariyar ƙaramar hukumarki ki nemi ofishin su, ko ki tura maigida ko ƙaninki in fita na maki wuya. Ki tabbatar da wace ƙaramar hukuma gidanki yake, dan wasu unguwannin bakin gari da muke ce ma Katsina a takarda ƙarƙashin Batagarawa suke, kar ki biya kuɗi inda ba nan ba. Ki faɗa masu abinda kike yi da inda kike yin shi, ki nemi su zo su duba wurin su baki takardar izini. Nasan da yawa na gudun haka, gani suke kamar ka kira ma kanka fitina, amma ki duba bambancin wadda ta kai kanta da wadda maƙwabci ya kai ƙara saboda ruwan wanke-wanke ya cika mashi ƙofar gida. Ta farkon gyara za'a nuna mata, ta biyun kau da takardar gargaɗi za'a fara, in bata gyara ba kotu. Duk kuɗin da aka ce ki biya ki amshi rasit mai sunan ƙaramar hukuma, ki aje shi, ki ɗauki hoton shi a waya. Wanda ya zo yace shi ma'aikaci ne ki nemi ganin katin aiki, haƙƙinki ne, cikin ladabi zaki tambaya kuma ma'aikacin gaskiya baya jin haushin wannan.

Sai gwajin lafiya na masu taɓa abinci. Wannan ke da duk wanda hannun shi ke shiga aikin, har yarinyar da ke taya ki ƙulli da wadda ke wanke gora. A asibitin gwamnati ake yi, babban asibitin Katsina ko na Daura ko asibitin koyarwa na tarayya, kice gwajin masu sana'ar abinci kike so. Ana duba majina saboda tarin fuka, ana duba bayan gida da fitsari, ana duba jini saboda taifod da ciwon hanta, likita ya sa hannu ya baki satifiket. A ƙa'idar NAFDAC duk wata shida ake sabuntawa. Dan Allah kar ki yarda da masu cewa kawo kuɗi a rubuto maki takardar ba tare da an ɗebi komai ba. Taifod mutum na iya ɗauke da ita yana yawo garau bai sani ba yana zuba ma mutane a abinci, in an gano magani ne za'a baki ki sha ki warke ki ci gaba da sana'arki, to miye ribar ɓoyewa. Kuma ranar da ke ko mai taya ki ke gudawa ko amai ko akwai ƙurji mai ruwa a hannu, a haƙura da aikin ranar.

Me duba-gari ke dubawa in sun shigo? Ruwa suke fara tambaya, daga ina kike samu, a me kike ajewa, a rufe yake. In na 'yan garuwa ne ki tafasa wanda zai shiga abin sha, musamman zoɓo da kunun aya da lamurje da ake sirkawa da ruwan sanyi bayan an sauke, harda ƙanƙarar da kike sakawa dan ita ma ruwa ce. A 2021 kwalara ta kashe sama da mutum 3,000 a Najeriya kuma Katsina na cikin jihohin da abin ya fi taɓawa, ruwa da abinci ne hanyarta. Zasu duba tazarar makewayi da wurin girki, kwata, kwandon shara mai murfi, raga a taga saboda ƙuda, alamar ɓera da kyankyaso, da ko akuya da kaji na shiga inda ake aiki. Yawancin gidajenmu akwai kiwo, ba wanda yace ki saida tumakinki, amma a tsakar gidan da suke yawo ba'a shanya garin kunu a tabarma. Kayan aiki su hau kanta ko tebur su bar ƙasa, ki ware wuƙa da katakon ɗanyen nama daban, ki ɗaure kai, ki sa rigar aiki ta gaba, a yanke farce, zobe da awarwaro a cire lokacin kwaɓi, ga sabulu da ruwa a bakin ƙofa. Kwanonin sana'a su zama daban da na gida in da hali.

Maganar zafi kuma sai na tsaya a kanta dan garinmu ne. Hukumar lafiya ta duniya tace dafaffen abinci kar ya wuce awa 2 a aje haka nan, ko dai ya zauna da zafin shi sama da digiri 60 ko ya shiga sanyi ƙasa da digiri 5, tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. A watan Afrilu da Mayu Katsina na kai digiri 40, ga wuta ba tabbas. Kunun aya da fura da yogot da duk abinda madara ko ƙwai ko nama ya shiga basa jira. Ki yi daidai wanda zai ƙare, in firiza ta saki cikin dare kayan suka huce, kar ki maida su suyi ƙanƙara ki fitar da safe. Gorunan da ake tsintowa a wurin biki da bola da asibiti a wanke a zuba zoɓo, wallahi wannan ɗabi'ar ya kamata mu bari, baki san bakin da ya sha ba baki san me aka zuba a ciki ba. Sabbin gora da murfin su ana saidawa a babbar kasuwa, ki ɗora kuɗin akan farashi, kwastoma mai hankali zai biya.

Yanzu rijistar suna a CAC, hukumar rijistar kamfanoni da sunayen kasuwanci. Dokar kamfanoni ta 2020 tace in da sunanki na gaskiya kike kasuwanci baki ƙara komai a kai ba, ba dole sai kin yi rijista ba. Amma da zarar kin laƙaba ma sana'ar wani suna, irin su kicin ɗin wance ko wane da wane fuds, to cikin kwana 28 da farawa ake so ki yi rijistar sunan. Ba kamfani zaki buɗe ba, rijistar sunan kasuwanci ta ishe ki kuma ita tafi arha. A intanet ake yi a shafin hukumar, ki tanadi lambar NIN, hoton fasfo, sa hannunki a farar takarda, adireshi, imel da lambar waya naki na kanki. Zaki fara neman a riƙe maki suna, in ba wanda ya riga ki sai su riƙe na kwana 60 ki ida sauran. Kuɗin yana rubuce a shafin, ki duba da idonki kafin ki ba ɗan kafe ko ejan, kuma ko wani zai cike maki ki tsaya imel ɗinki da lambarki za'a sa, dan mata da yawa sai sun tashi sabunta takarda suke gane komai na hannun wanda ya yi masu kuma ya canza layi. Duk shekara akwai bayanin shekara da ake shigarwa, ƙaramin kuɗi ne amma in aka bari yana taruwa da tara. Da wannan satifiket zaki buɗe asusun banki da sunan sana'a, dashi NAFDAC zata saurare ki, kuma shi ake fara tambaya a shirye-shiryen tallafi da horo na SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i ta tarayya, da na KASEDA, irinta ta jiha da gwamnatin Dikko Raɗɗa ta kafa. Amma ki sani takardar CAC bata ce abincinki lafiya lau ne ba, suna kawai ta yi ma rijista, masu rubuta lambar CAC a sitika kamar ita ce lambar NAFDAC su daina.

To ga NAFDAC ɗin da ake tsoro. Da can sai mai ginin masana'anta ke iya tunkarar su, amma yanzu suna da ƙa'ida ta daban dan ƙananan masu sana'a, wadda ke amsar ɗaki guda da aka ware ko kicin mai tsari, in kayan da ake yi marasa saurin lalacewa ne. Cincin, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, kantu, yaji, garin kunu, garin ɗanwake, busasshiyar kuka da kuɓewa, zuma, irin waɗannan. Abubuwa masu haɗari kamar fiya wata da yogot da sauran kayan madara sharuɗɗan su sun fi tsauri, kar ki sayi inji ki gyara ɗaki sai kin je ofishin su na Katsina kin faɗi abinda zaki yi sun gaya maki rukunin da ya faɗa. Wannan zuwan na farko kyauta ne kuma shi zai hana ki kashe kuɗi a banza.

Neman rijistar a intanet ake yi ta shafin su da ake kira NAPAMS. Abinda zaki haɗa: satifiket ɗin CAC, shaidar kin yi rijistar sunan kayan a ofishin rijistar tambari da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ta tarayya, samfurin sitikar da zaki manna, takardun gwajin lafiya, takardar shaidar anyi feshin ƙwari a wurin, da bayani a rubuce na yadda kike haɗa kayan tun daga sayo gyaɗa ko gero har liƙewa, da yadda kike wanke wuri da kayan aiki. Wannan rubutun kar ya baki tsoro, abinda kike yi kullum ne zaki zayyana ɗaya bayan ɗaya, sai dai ki rubuta gaskiya dan ranar da suka zo zasu ce ki yi a gaban su. Rijistar tambarin nan mutane na raina ta, alhali ita ke hana wata ta ɗauki sunan da kika sha wuya kika gina ta manna a nata yajin. Kuɗin NAFDAC ta Remita, hanyar biyan kuɗin gwamnati ta banki ko intanet, ake biya ya shiga asusun gwamnati, ba'a ba mutum a hannu. Bayan nan zasu sa rana su zo duba wuri, ranar ki kasance cikin aiki, in sun ga gyara zasu rubuta maki ki gyara, in ya yi su ɗebi samfur su kai ɗakin gwaji. Wa'adin da suka ɗibar ma abinci kwanakin aiki 90 ne in takardu sun cika, yawanci abinda ke ja shine an turo tambaya ta shafin mai nema bata duba ba, dan haka ki riƙa leƙawa. In lamba ta fito shekara 5 take yi kafin a sabunta. Kuma kowane kaya da lambar shi, lambar cincin bata rufe yaji. In jarinki bai kai ba ki zaɓi guda ɗaya da yafi tafiya ki fara dashi. Ki kuma sa kunne, wani lokaci ana yin rangwame, a 2020 lokacin korona sun rage ma ƙananan masu sana'a kashi 80 cikin ɗari na kuɗin rijista na wani lokaci.

Sitika ita ma doka ce da ita, ba ado kawai ba, akwai ƙa'idar 2022 kan abinda za'a rubuta a jikin abincin da aka liƙe. Sunan abin a fili, kayan da ke ciki a jere daga wanda yafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, nauyi ko yawan shi a giram ko lita, sunanki na kasuwanci da cikakken adireshin inda ake yi (lambar waya da sunan Instagram kaɗai basu isa ba), ranar da aka yi, ranar da zai daina amfani, yadda za'a aje shi, lambar zubi, sai lambar NAFDAC. Da Turanci ake so, kina iya ƙara Hausa a gefe kuma ina ba da shawarar ki ƙara dan masu sayen namu su karanta. In akwai gyaɗa, madara, ƙwai, alkama, waken suya ko kifi a ciki ki bayyana, akwai waɗanda jikinsu baya ɗauka, wani ɗan kaɗan zai ci numfashi ya sarƙe. Lambar zubi kuma ki fara sawa tun yau ko baki da NAFDAC: duk kwaɓi ɗaya ki bashi lamba, ki rubuta a littafi ranar da kika yi, wurin wa kika sayo kaya, shagunan da kika kai ma. Nauyin da kika rubuta ya zama shi ne a ciki, ki sayi ƙaramin sikeli, tauye mudu laifi ne a doka kuma mun san abinda addini yace a kai. Kar ki kai ma mai buga sitika aiki dubu sai NAFDAC ta amince da samfurin, harafi ɗaya suka ce a gyara duk sun tashi a banza.

Abinda ba'a rubutawa kuma shine yana maganin kaza. Da kin ce garin kununki na warkar da olsa ko zoɓonki na sauke hawan jini ko yana maganin suga, kin fitar dashi daga abinci kin kai shi layin magani, can kuma wata rijistar ce daban da nata gwajin. Wannan ya haɗa da abinda kike faɗa a Facebook da TikTok da sitatus, dan talla ce, kuma tallar kayan da NAFDAC ke kula dasu ita ma tana buƙatar izinin su.

Akwai abubuwan da su ba gyara ake cewa ayi ba, laifi ne kai tsaye. Na farko aron lamba, ki kwafi lambar wani kaya ko ta ƙawarki ki manna a naki, ko ki rubuta wai lamba na kan hanya. Wannan jabu ne, akwai doka ta musamman kan jabun magunguna da gurɓataccen abinci mai ɗauke da tara da ɗauri, gara ki fito ba lamba ki tsaya a cinikin hannu da hannu da ki sa ta ƙarya. Na biyu sinadaran da ake aunowa a kasuwa ba suna ba kwanan wata. Ku tuna abinda ya faru a Kano a watan Maris na 2021, aka saida ma masu haɗa lemo wani farin gari da sunan ɗan tsami, mutane suka riƙa amai da fitsarin jini, gwamnatin jihar tace mutum 10 sun rasu kusan 400 aka kwantar, da NAFDAC ta gwada ta iske wani sinadarin masana'anta ne da ba'a ci. Waɗanda suka haɗa abin shan nan da yawan su basu yi niyyar cutar da kowa ba, arha suka bi. Dan haka ɗan tsami, kala, filebo, bekin foda, garin lemo, duk ki saye su cikin mazubin kamfani mai lamba da kwanan wata, ki duba bai wuce lokaci ba, har kayan da ke shigowa ta iyakar Jibiya da Kongolam ki duba su haka. In tsami kike so ga tsamiya ga lemun tsami.

Na uku maganin ƙwari. Sniper da ire-iren shi da ake zuba ma wake da busasshen kifi, guba ne, saboda shi Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, kuma a 2019 NAFDAC ta hana saida ƙananan kwalaben shi a shaguna da kasuwanni. Ki shinshina wake kafin ki saya, in kina ajiya ki yi amfani da buhun nan mai leda biyu a ciki ko jarka mai murfi da iska bata shiga. Gyaɗa da masara masu funfuna ki tsince ki zubar, kar ki ce ai ƙuli za'ayi ba mai gani, gubar da ke cikin su na lalata hanta kuma suya bata kashe ta. Masu burodi da fanke, sinadarin bromet mai kumbura fulawa an hana shi tun zamanin da Dora Akunyili ke shugabancin NAFDAC. Farasitamol a tukunyar nama ko ganda dan ya yi saurin laushi, shi ma haramun ne a doka. Sai wanda yafi ci mani rai, masu haɗa gumba da tsumi da garin ƙiba suna daka ƙwayoyin asibiti a ciki, irin su sha-ka-fashe, su saida ma amare da 'yan mata da sunan kayan gargajiya. Ƙoda da hanta ake kashe ma ɗiyan mutane. Dokar final kod da ake aiki da ita a arewa ta sa gurɓata abinci da saida abinci mai cutarwa cikin laifuka, ba sai NAFDAC ta zo ba ɗan sanda ma na iya kama ki, balle in rai ya salwanta. Algus ne, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mai algus baya cikinmu.

Sauran ƙanana amma suna hana barci. In gidan haya kike ki sanar da mai gida kafin ki fara, musamman in akwai suya mai yawa da hayaƙi ko masu babur na sintiri a ƙofa, wata yarjejeniyar haya ta hana kasuwanci a gidan. Tukunyar gas ta zauna inda iska ke shiga, ki riƙa duba tiyo, ki aje abin kashe gobara ko bokitin yashi kusa. Haraji kuma, mai rijistar suna hukumar tara kuɗin shiga ta jiha take ba bayani, kuma a sabuwar dokar harajin da ta fara aiki Janairun 2026 naira 800,000 na farko na abinda mutum ya samu a shekara ba'a cire komai a kai, akan riba ake lissafi ba akan duk cinikin ba, to in baki rubuta abinda kika kashe da abinda ya shigo da me zaki nuna ribar? Littafi ɗaya ya isa. Odar biki ko ta ofis ki rubuta yawan kaya, farashi, kafin alƙalami da ranar ɗauka ko a saƙon WhatsApp ne, kar ki tsaya a kiran waya, ranar da aka je gaban alƙali rubutu ake nema. Talla kuma, dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta ma iyaye kai yaro firamare da ƙaramar sakandare, kuma jihar Katsina na da dokar kare yara tun 2020. Ɗora ma ƙaramar yarinya tire lokacin makaranta ko bayan magariba a tasha, ko doka bata yi magana ba mun san abinda ke faruwa. Ki nemi mai shago ki aje mashi, ko babban mutum mai kai saƙo ki biya shi.

In wata rana kwastoma ya kira yace shi ko yaran shi sun ci kayanki ciki ya ɓaci, kar ki fara da rantsuwa da musu, kar kuma ki yi bulokin ɗin shi. Ki ce suje asibiti yanzu, ki tambayi me suka ci, yaushe, su nawa. Ki buɗe littafinki ki ga wane zubi ne, ki tsaida saida sauran nan take, ki kira shagunan da kika kai ma su sauke, ki tuntuɓi sauran waɗanda suka saya kiji lafiyar su. Ragowar kar ki zubar, ki ɗaure ki rubuta kwanan wata ki sa a firiza daban, dashi za'a gwada a gane daga wurinki ne ko ba daga nan ba, dan sau da yawa wani abin suka ci. In mutum fiye da ɗaya ne suka kwanta ki kai rahoto ofishin duba-gari da kanki a ranar, in kaya mai lamba ne ki sanar da NAFDAC, ki tafi da littafin da rasitan kayan da kika sayo da takardar gwajin lafiyarki.